Shekarar da Ban Tafi Ingila Ba

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, Shi da Ya ara mini kwanaki har hannuna ya soma rawa a kan alƙalami. Da ajami nake rubuta shi kamar sauran, Zenabu kuma za ta mayar muku da shi boko idan ta samu sarari.

Na daɗe ina jin ku, ku 'ya'yana, kuna gaya wa mutane cewa an hana uwarku tafiya Ingila ƙaro karatu. Wai maƙiya ne a jami'a suka danne takarduna, shi ya sa na yi ritaya ban zama farfesa ba. Na san ƙauna ce take sa ku faɗa, amma ba haka aka yi ba, kuma ba na so in mutu in bar ku kuna ɗaukar alhakin mutanen da ba su yi mini komai ba. Ba wanda ya hana ni. Ni na ajiye tafiyar da kaina, ina cikin hankalina.

A ƙarshen shekarun casa'in ne. Lokacin na riga na bar aikin ungozoma a asibiti, ina koyarwa a makarantar likitoci, a sashen lafiyar mata. Shugaban sashenmu, wani dattijo Ba'ankare, wato ɗan asalin birnin nan, da kowa ke kira Farfesa kawai, ya ɗora mini aikin da manya ba sa so: kula da sababbin malamai, in koya musu yadda ake bincike. Dokar wurin ita ce sabon malami yana kan gwaji. Kafin wa'adinsa ya cika sai ya kawo bincike nasa na kansa ya tsaya gaban kwamiti ya kare shi. In ya gamsar da su a tabbatar da shi a aiki, in bai gamsar ba a sallame shi. Uku aka ba ni a wannan karon, amma wadda labarin nan ya shafa ita ce Dakta Bilkisu.

A nan unguwarmu Nima aka haifi Bilkisu, sai dai tana goye iyayenta suka tafi da ita, a shekarar da aka ce baƙi su bar ƙasa. A Kano ta girma, a can ta karanta likitanci, sannan ta dawo ƙasar haihuwarta da takardunta da Hausarta mai kyau, irin wadda ba ta tuntuɓe. Matan unguwa suka sa mata suna Mai Hausar Rediyo. Yarinya ce mai kaifin kai, mai saurin tafiya, mai saurin fushi. Abin da ya dame ta shi ne abin da ya dame mu duka: matan zango, wato unguwanninmu na masu jin Hausa, ba sa isowa asibiti sai naƙuda ta yi tsawo, ko jini ya riga ya zuba da yawa. Ta ce za ta gano dalili. Ta ɗauki rakoda ta shiga gidajen Nima da na maƙwabciyarta Maamobi tana tambayar matan da suka sha wuyar haihuwa, ba ta nemi tafinta ba, don a ganinta harshenta ne ake yi. Ta kusa shekara tana wannan aiki.

Da ta kawo mini abin da ta rubuta da Turanci, na zauna a ofis na karanta shi har ƙarshe. Rubutun ya tsaru, ba abin da za a kushe. Abin da ta gano shi ne mazaje ne suke hana matansu tafiya asibiti. Mace bayan mace, in ji ta, ta ce miji ne ya ce a jira. Shawararta kuwa a bi masallatai a yi wa maza wa'azi.

Na ajiye takardun na ce mata, "Bilkisu, wannan ba Nimar da na sani ba ce."

Ta ce, "Hajiya, ba ni na faɗa ba. Su suka faɗa da bakinsu, yana cikin kaset."

"Na karɓi haihuwa a gidajen nan tun ba ki fara tafiya ba. In naƙuda ta tashi, namiji benci yake nema a bakin titi ya zauna yana jan carbi. Wani ma yana can garin Tema wajen aiki. Yaushe suka fara ba da umarni a ɗakin haihuwa?"

Ta ɗaure fuska ta ce, "Ko dai mazan unguwarku kike karewa?"

Ban ji haushi ba. Na tambaye ta abu ɗaya: ta koma ta karanta wa matan abin da ta rubuta a kansu? Wannan ƙa'ida ce da nake ɗora wa duk wanda ya zo hannuna, kuma ba a littafin Turawa na samo ta ba. Kakanku Malam Garba, bayan karantarwa, yana rubuta wa mutane wasiƙa da ajami a zaurensa. Bai taɓa naɗe takarda ba sai ya karanta wa mai ita daga farko har ƙarshe, ya tambaye shi, haka ka ce? Sau da yawa mutum zai ce a'a, Malam, ba haka nake nufi ba. Bilkisu ta ce ba ta ga amfanin hakan ba, tunda Hausa suka yi kuma Hausa take ji. Ina da zato a raina, amma zato ne kawai. Na kuma san in ya tabbata, gara ta ji shi daga bakin masu maganar, ba daga bakina ba.

Ranar Asabar da hantsi muka hau trotro, motar hayarmu, zuwa Maamobi. Muka shiga wani babban gida mai ɗakuna a jere, tsakar gida cike da igiyoyin shanya da murhu. Matan suka kewaye mu suna tsokanarta.

"Ei, Mai Hausar Rediyo ya zo! Ku ba shi kujera, yau za mu ji labarun duniya."

Bilkisu ta yi murmushin yaƙe. Ta kira wata matashiya mai suna Fati, wadda ta kusa rasa ranta a haihuwar fari, ta buɗe takarda ta mayar mata da maganarta da Hausa: cewa naƙuda ta kama ta tun safe, ta so tafiya asibiti, amma mijinta ya ce a jira.

Fati ta riƙe haɓa. "Mijina? Wane miji, Dakta? Lokacin nan yana Kumasi da mota. Bai sani ba koraa, ko kaɗan, sai ana saura kwana biyu suna ya dawo."

"Ke kika gaya mini. Kin ce, maigida ya ce mu jira, shi ya hana."

"Eh, haka na ce. Maigida ya hana."

"To ai shi ne mijinki!"

Tsakar gidan ta fashe da dariya. Wata har ta zauna a ƙasa tana dukan cinya. Fati ta nuna bakin wani ɗaki, inda wata tsohuwa mai farin mayafi take zaune tana tsince wake a faranti.

"Ga maigidanmu can. Mma Adiza. Shi ke da gidan nan, shi muke biya haya, shi ke karɓan haihuwa. In bai ce a tashi ba, wa zai tashi?"

Tsohuwar ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce, "Ni ne. Ni na ce a jira."

Ku da kuka tashi a nan kun san wannan ba abin mamaki ba ne. Hausarmu ta zango ba ta raba mace da namiji a magana. Uwa shi ce, kaka shi ce, amarya ma ya zo ake cewa. Maigida kuma a wurinmu mai gidan haya ne, ko namiji ko mace. Amma a kunnen wadda ta girma a Kano, mace ta ce maigida ya hana, ai ba sauran tambaya. Na dubi Bilkisu na ga ta naɗe takardar. Duk da haka, a nan na san wahalata a kanta ba za ta tafi a banza ba, don ba ta tashi ta fita ba. Ta ja kujerarta har gaban tsohuwar ta zauna.

Ta ce, "Mma, don me kika ce a jira?"

Mma Adiza ta ajiye farantin. "In na kai yarinya can, a ƙofa suke tsai da ni kamar ɓarawo. Ni da na yanke cibiyar rabin Maamobi. Su shiga da shi, ba wanda zai riƙe masa hannu, ba wanda zai yi masa addu'a. Kuma mabiyiya fa? Su jefa a bokiti. Ba su ba mu mu wanke mu binne yadda aka yi wa iyayenmu. To sai na ga abin ya fi ƙarfina nake kai wa."

"Wani lokaci kuma sai a makara."

Tsohuwar ta ce, "Bara na makara da ɗaya. Allah Ya jiƙan shi." Ba wanda ya ƙara dariya.

A hanyar komawa ba mu samu trotro da wuri ba, muka tsaya a inuwar wani kanti. Nan Bilkisu ta fashe da kuka. Aikin shekara ya rushe, wa'adinta saura 'yan watanni. Ta ce wani abokin aiki ya taɓa gaya mata irin wannan sakamako shi manya suke son ji, in ta miƙa shi yadda yake ba wanda zai bincika. Ta ce amma ba za ta iya ba yanzu, gara ta ajiye aikin ta koma Kano.

Na ce, "Ba za ki miƙa ƙarya ba, kuma ba za ki koma Kano ba. Share fuskarki, mutane na kallo."

Na faɗa da ƙarfin zuciya, amma ban san yadda za a yi ba. Da na je wurin Farfesa ranar Litinin, ya saurare ni sosai, har ya yi dariya da na kai wurin maigida. Ya ce doka ta yarda a ƙara wa sabon malami shekara guda, da sharaɗin babban malamin da ke kula da shi yana nan tare da shi. Ya lissafa manyan sashen da yatsunsa. Ba mai jin Hausa, ba kuma mai son ɗaukar aikin da ya riga ya faɗi sau ɗaya.

Ya ce, "Sai ke. Ke kuma bayan Babbar Sallah za ki tafi Ingila."

Gaskiya ne. An ba ni gurbin karatun da na yi shekaru ina nema, wanda in ba shi ba ba a hawa kujerar farfesa. Farfesa ya cire tabarau ya dube ni.

"Misis Sule, ki yi tunani. Kin haura hamsin. In kika ce su jira, ba za su sake kiranki ba."

Gidanmu kuwa ya riga ya cika da shirin tafiya. Babanku Alhaji Sule ya rufe shagon ɗinkinsa rana guda ya tafi kasuwar Kantamanto ya sayo mini wata ƙatuwar kwat mai gashi a wuya, ya rage mata hannu da kansa. Ke Zenabu kin gaya wa duk 'yan makarantarku. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, muna cin tuwo a tsakar gida, na faɗa musu abin da ke raina. Zenabu ta ture kwanonta.

"Mma, 'yarki ce? Ita ta yi kuskurenta, ke za ki biya?"

Na ce, "Ni aka ba ta."

Babanku ya daɗe yana wanke hannu. Sannan ya ce, "Memuna, kwat ɗin nan fa? A Nima za ki sa ta ki dahu?"

Muka yi dariya, ban da Zenabu. Da yara suka tashi ya rage murya.

"Tun muna ɗaki ɗaya kike maganar karatun nan. Ba na so wata rana ki dubi yarinyar nan ki ji zafinta a ranki. In za ki ji, ki tafi, Allah zai kawo mata wani. In ba za ki ji ba, ki zauna. Ki yi istihara, ni ba zan zaɓa miki ba."

Na yi. Ban yi mafarkin komai ba, kada wani ya ƙara muku gishiri. Abin da na lura da shi kawai, duk lokacin da na tuna jirgi sai ƙirjina ya yi nauyi, in na tuna gidan Mma Adiza sai in ji ina tsara tambayoyi a kaina. Na kuma yi wani lissafi: in na tafi na dawo, mace ɗaya ce 'yar zango a sashen, tsohuwa mai jiran ritaya. In na zauna, za a samu wadda za ta yi shekara talatin bayana. Na rubuta wa mutanen Ingila na gode musu. Ba zan ɓoye muku ba, ranar da ya kamata in tashi ban iya cin abinci ba.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mafi daɗin aikina duka. Ban rubuta wa Bilkisu ko layi ɗaya ba. Ta sake bin gidajen ɗaya bayan ɗaya, ni ina zaune a baya kan tabarma kamar baƙuwa, ba na buɗe baki sai mun fito. Na koya mata duk inda aka ce shi, ta tambaya, wane ne sunansa? Na koya mata ta gaida tsohuwar gida kafin ta nemi mai jego, ta karɓi ruwan da aka ba ta, ta bar shiru ya yi aikinsa maimakon ta cike shi da tambaya ta gaba. Ita ma ta koya mini lissafin zamani da ban ƙware a kai ba. Kowace Alhamis sauran sababbin malaman biyu suna zuwa ofishina mu sayi koko da ƙosai, kowa ya karanta abin da ya rubuta, sauran su yi masa kaca-kaca. Sau da yawa Bilkisu ta fita ta buga ƙofa, sau da yawa kuma ta dawo da safe da gyara a hannu. Ba tambaya kawai take yi a gidajen ba. Ta zauna da su Mma Adiza ta nuna musu alamomin da in an gani ba a jira: jinin da ya jiƙa zane, kumburin fuska, naƙudar da rana ta fito ta faɗi a kanta. Ta kuma je ta roƙi shugabar wani ƙaramin asibiti da ke kusa, aka yarda tsohuwa ɗaya ta riƙa shiga da mai naƙuda, a kuma ba dangi mabiyiya a cikin ƙwarya in sun nema.

Da lokacin kwamiti ya matso, na sa ta zo gidanmu ta yi gwaji a tsakar gida. Babanku ya zama shugaban kwamiti, ya ɗora tabarau a kan hanci yana yi mata tambayoyin da ba su da kai. Zenabu, wadda ta yi watanni ba ta gaishe ta da kyau, ita ta riƙe mata agogo.

Ranar kwamiti aka ba ni kujera a baya, ba ni da izinin magana. Dattawa suka jeru a dogon tebur. Na ba ta shawara ta taƙaita labarin kuskuren, amma da ta miƙe, da shi ta fara. Ta gaya musu yadda ta yi shekara tana ɗora wa mazan zango laifin da ba nasu ba saboda kalma ɗaya. Sannan ta bi da su cikin gidajen, ta nuna musu wa ke yanke shawara, me take tsoro, da abin da ya canja tun da aka buɗe wa tsofaffi ƙofa. Wani farfesan tiyata, wanda aka sani da kayar da matasa, ya jingina da kujera.

Ya ce, "Dakta, kunnenki ya yaudare ki sau ɗaya. Me zai sa mu yarda da shi yanzu?"

Ta ce, "Kada ku yarda da shi, ranka ya daɗe, ni ma na daina. Ba mace ɗaya a cikin takardar nan da ba ta ji abin da na rubuta a kanta ba. Na karanta musu, wasu sun sa na goge, wasu sun sa na ƙara. In akwai kuskure, da sun riga ku kama ni, kuma sun fi ku iya dariya."

Farfesanmu ya sunkuyar da kai yana ɓoye murmushi. Aka fitar da mu baranda. Ba mu daɗe ba aka kira ta ita kaɗai. Da ta fito sai ta durƙusa a gabana a kan simintin nan, da farar rigarta ta likita, ta kama hannuna biyu. Na ce ta tashi, ɗalibai na wucewa. An tabbatar da ita, an kuma nemi ta riƙa koya wa sababbin malamai na sauran sassa yadda ake shiga gidajen mutane. Kun san inda ta kai daga baya, kun kuma san yawan likitocin da suka fito daga hannunta. Ni ban sake samun gurbin karatu ba, kamar yadda Farfesa ya faɗa. Alhamdu lillahi.

Na ce mu tafi gida, babanku na jira. Ta ce a'a, Maamobi tukuna. Muka sauka daga trotro da la'asar, muka bi lungu muna tsallake kwata. Tun daga ƙofa yara suka ruga da labarin zuwanmu. Matan suka bar murhu suka taru, Fati da goyonta na biyu a gaba. Mma Adiza ta fito daga ɗaki tana dogara sanda. Ba ta dubi Bilkisu ba, ni ta duba, ta nuna ta da haɓa.

"Hajiya, yaya? Sun kore shi, ko sun bar mana shi?"

Ni 'yar Malam Garba ce, wanda yake dukan hannunmu in muka ce wa mace shi. Ban taɓa faɗa ba tun ina yarinya. Amma ranar na ɗaga murya yadda na ƙarshen gida zai ji.

Na ce, "Sun bar shi, Mma. Ya ci."

Guɗar da aka yi, har daga masallacin bakin titi aka aiko a tambaya wa ya haihu.